Waiwaye: Kwaɗon da Ya Daɗe Yana Riƙe da Python, Daga 1992 Zuwa Yau

Duk sanda aikin Hajji ya ƙarato, matasan Hausawa masu rubuta manhaja a Makka da Jidda kan ci karo da matsala iri ɗaya. An kawo wa mutum sunayen alhazai dubbai, ana so a daidaita lambar fasfo da ta jaka da ta ɗakin masauki. Ya rubuta da Python, harshen rubuta manhaja, ya ga abin na jan ƙafa, sai ya raba aikin zare takwas, wato layukan aiki takwas da ake so su gudana tare, tunda furosesar kwamfutarsa ƙwaya takwas gare ta, kowace na iya yin nata lissafin. Da ya duba allon sa ido, jimillar aikin ba ta wuce ƙarfin ƙwaya ɗaya ba. Lokacin bai ragu ba, wani zubin ma ƙaruwa yake yi. Laifin ba na mai rubutun ba ne. Wani kwaɗo ne na kullewa, da ake kira GIL (Global Interpreter Lock), a cikin tafintan Python, wato manhajar da ke karanta rubutun tana zartar da shi, kuma labarinsa ya haura shekara talatin.

Guido van Rossum ya fara Python a ƙarshen 1989 a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam, ya sake shi a Fabrairun 1991. Tafintan da ya rubuta da harshen C, wato CPython, shi ne har gobe kusan kowa ke amfani da shi. Aikinsa mataki biyu ne: ya juya rubutunka zuwa ƙananan umarni da ake kira baitkod, sannan wani dogon zagaye a fayil ɗin ceval.c ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana zartarwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda CPython ke kula da ma'adana, wato memori. Kowane abu, lamba ce ko jeri ko rubutu, yana ɗauke da ƙidayar masu riƙe da shi. Wani ya kama, a ƙara ɗaya. Ya saki, a rage ɗaya. Ta kai sifili, a share abin. To a ce ƙidayar tana 3, zare biyu suka kama a lokaci guda. Kowanne ya karanta 3, kowanne ya rubuta 4, alhali 5 ya kamata. Can gaba ƙidayar za ta kai sifili da sauran mai riƙe, a share abu a hannunsa, manhaja ta faɗi ba tare da wani bayani ba. Da aka shigo da zare a 1992, maganin da ya fi sauƙi shi ne kwaɗo ɗaya tal: wanda ke riƙe da shi kaɗai ke zartar da baitkod. A wancan zamani da kwamfutar gida ƙwaya ɗaya gare ta, shawara ce mai kyau, kuma ita ta sauƙaƙa rubuta ɗakunan karatu da C, wato tarin shirye-shiryen da masu manhaja ke ɗauko su yi amfani da su, waɗanda su suka ɗaukaka Python.

An sha yunƙurin cire shi. Greg Stein ya gwada tun a shekarun 1990, ya maye gurbinsa da ƙananan kwaɗuna barkatai, sai manhaja mai zare ɗaya ta yi nauyi ƙwarai. A 2007 van Rossum ya gindaya sharaɗi: zai karɓi cirewar ne kawai idan ba ta rage saurin mai zare ɗaya ba. Larry Hastings ya sake gwadawa a 2016 da aikin Gilectomy, ya makale a wuri guda: idan kowace ƙari da ragi a ƙidaya sai an yi ta ta hanyar da ƙwayoyi ba za su yi karo ba, ƙwayoyin kan ɓata lokacinsu suna ƙwace bayanan ma'ajiyar kusa, wato ƙaramar ma'adana mai sauri da ke cikin furosesa, daga hannun juna. Abin da ya samu shiga a tsakani gyara ne kawai. A Python 3.2 na 2011, Antoine Pitrou ya sauya dokar miƙa kwaɗon: maimakon bayan kowane umarni 100, sai mai jira ya nemi a ba shi bayan kashi 5 cikin dubu na sakan ɗaya.

Ɗaya ɓangaren labarin shi ne hanzarta tafintan kansa, kuma a ganinmu shi ya buɗe ƙofa. Google ta ɗauki nauyin aikin Unladen Swallow a 2009 da burin ninka sauri sau biyar ta hanyar LLVM, kayan aikin juya rubutun manhaja zuwa harshen inji. Bai kai ba, aka watsar. A Oktoban 2020 Mark Shannon ya fito da tsari mai irin wannan buri, Microsoft ta kafa tawaga da shi da van Rossum. 'Ya'yan aikin sun fito a Python 3.11, Oktoban 2022: saurin ya ƙaru da kashi 10 zuwa 60 cikin ɗari, matsakaici 25.

Dabarar ta cancanci a tsaya a kanta. Umarnin BINARY_OP na haɗa a da b bai san mene ne su ba. Kowane karo sai ya bincika nau'insu ya nemo aikin da ya dace. A 3.11, idan layi ya maimaitu, tafinta ya lura kullum lambobi ne cikakku, sai ya sauya umarnin a wurin zuwa BINARY_OP_ADD_INT, wanda ke ɗan leƙa nau'in ya wuce kai tsaye. Kana iya ganin haka da idonka: kira aikinka, a ce sunansa f, sau da yawa, sannan ka rubuta dis.dis(f, adaptive=True). Ga kuma inda ake tuntuɓe. Bayanan da ke zuwa daga Excel sau da yawa a cakuɗe suke, wannan layi lamba, wancan rubutu. Leƙen zai riƙa faɗuwa, tafinta ya koma tsohuwar hanya, ribar ta tafi. A tsaftace nau'in bayanai tun wajen shigowa.

Wanda ya warware ƙullin ƙidayar shi ne Sam Gross na kamfanin Meta, a aikin da ya nuna a Oktoban 2021, ya zama PEP 703, takardar shawarar sauyi ga Python, aka amince da shi a 2023. Ya dogara da cewa yawancin abubuwa zaren da ya ƙirƙire su kaɗai ke taɓa su. Sai ya raba ƙidayar biyu: ta mai abu, mai arha, da ta baƙi, mai tsada. Abubuwa irin su None da True kuma aka mai da su marasa mutuwa, ba a ƙidaya su sam. Jeri da ƙamus kowanne ya samu ɗan kwaɗonsa.

Python 3.13 na Oktoban 2024 ya zo da sigar gwaji marar GIL, python3.13t, amma mai zare ɗaya ya yi asarar kusan kashi 40 saboda an kashe dabarar Shannon a cikinta. A 3.14, Oktoban 2025, an dawo da ita, asarar ta sauko zuwa kashi 5 zuwa 10, aka kuma ayyana sigar a matsayin wadda ake tallafa wa a hukumance. Duk da haka ba ita ce ake samu kai tsaye ba, sai an zaɓe ta. Abin takaici, a Mayun 2025 Microsoft ta sallami akasarin tawagar da ta yi aikin hanzartawar, ya koma hannun masu sa kai.

Ga mai aikin jerin alhazai, ko ɗalibi a Jami'ar Ummul Ƙura ko ta Sarki Abdul'aziz, zaɓin ya danganta da irin aikin. Idan jiran intanet ko faifai ne, zare na da amfani ko da GIL, domin ana sakin kwaɗon lokacin jira. Idan lissafi ne zalla a Python na yau da kullum, multiprocessing, wato raba aikin ga kwafin Python daban-daban masu gudana tare, ne mafita, sai dai kowane ɓangare da nasa tafinta, kuma kwafe bayanai tsakaninsu na cin lokaci da ma'adana. Wanda ya sa python3.14t kuwa ya duba abu biyu. Na farko, ɗakin karatu na C da bai bayyana cewa ya shirya ba zai maido da GIL da zarar an shigo da shi, da ɗan gargaɗi da ke saurin ɓacewa a allo. A tabbatar da sys._is_gil_enabled() bayan an gama shigo da komai. Na biyu, layi irin jimilla += 1 umarni ne da yawa: karanta, ƙara, rubuta. Ko da GIL ba a taɓa lamunce shi ba, amma yanzu da zaruruwa ke gudu tare da gaske, ƙidayar jakunkuna za ta iya fitowa da giɓi. A kewaye shi da threading.Lock, ko kowane zare ya tara nasa a haɗa a ƙarshe.