Waiwaye: yaƙi da giya a Kano, daga gindin Dala zuwa 'yar leda

Giya ba baƙuwa ba ce a Kano. Tsohon littafin tarihin Kano, inda yake lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala, ya sa mai dafa giya a sahu ɗaya da maƙeri da mai magani. Musulunci ne ya tura ta bayan gari, jihadin da ya ci Kano a 1807 ya ƙara nisanta ta, ta koma ƙauyukan Maguzawa inda ake jiƙa dawa ta yi tsiro a dafa burkutu.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su sassauta mata ba. Akwai yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Beljiyam a 1890, wadda ta hana kai barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, kuma Gwamna Lugga ya sa Arewa a cikinsu. Sai dai jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari domin baƙi jim kaɗan bayan haka, kuma dokar ba ta hau kansu yadda ta hau kan 'yan ƙasa ba. Tun daga nan taswirar ta zauna: cikin birni babu, Sabon Gari akwai, mai so ya jira duhu. Kundin laifuffuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ma ya ware hukunci na musamman ga Musulmin da ya sha.

An ƙaddamar da Shari'a a 2000 zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, a 2004 kuma aka haramta sayar da giya a jihar. Abin da jama'a suka fi gani shi ne motar daɓe tana bi ta kan kwalabe: 240,000 a Nuwamban 2013, kusan miliyan biyu a 2020, fiye da miliyan uku da dubu ɗari takwas a 2022. Adadin da ke hawa haka ana iya karanta shi ta fuska biyu, ko kamu ne ya ƙaru, ko kayan.

Wa'azi da doka sun yi aikinsu, sun mai da shan giya abin kunya. Abin da ba su isar ba shi ne bayanin abin da take yi a jiki, kuma kunyar ce ke sa gida ya rufe maganar har sai ciki ya kumbura.

Kayan ma sun canja kama. Babbar kwalbar giya mililita 600 ce, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin 100, wato giram 24 na tsantsar barasa. 'Yar leda mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da kusan giram 10. Leda biyar ke nan sun yi kwalba biyu, kuma suna shiga aljihun kaftani ba tare da ƙara ko wari ba. Wasu ana sayar da su da sunan maganin basir ko ƙarin kuzari, mai sha ya rantse maka shi bai taɓa shan giya ba. A 2018 aka cimma yarjejeniyar daina ƙunsa barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara zartarwa a farkon 2024, masu masana'antu suka yi ca, aka ɗaga wa'adin.

Hanta ba ta gaggawa. Giram 7 zuwa 8 take iya narkarwa a awa, don haka kwalba ɗaya aikin awa uku ce. Wanka da ruwan sanyi, goro ko shayi mai kauri ba sa rage komai, sai dai su buɗe wa direba ido alhali hannunsa na nan a makare. Shekaru ana sha, hanta takan tara kitse, ta kumbura, sannan ta ƙanƙance ta yi tauri. Matakin farko yana warkewa idan an daina, na ƙarshe ba ya komawa. Ga wanda yake ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yi yawa a ƙasar nan, tafiyar ta fi sauri. Haɗa barasa da kodin, tiramol ko ƙwayar barci kuwa, dukansu numfashi suke dannewa, shi ya sa ake samun wanda ya kwanta bai tashi ba. Ogogoro, wato barasar da ake haɗawa a gida, wanda aka gurɓata da sinadarin metanol mai guba, ya kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Alamarsa takan jinkirta rabin yini zuwa yini guda, ta zo da amai, ciwon ciki da dishi-dishin gani.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu na masu kyakkyawar niyya ne. An gano yaro ko maigida na sha kullum, sai a kulle shi a ɗaki ko a kai shi gidan mari ya daina rana ɗaya. Jikin da ya saba ba ya ɗaukar haka. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara karkarwa, da gumi da bugun zuciya. Zuwa kwana biyu yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na uku yakan ruɗe, ya ga abin da babu, a ce aljanu ne, alhali wannan matakin yana kisa. A asibiti, kamar na masu taɓin hankali da ke Dawanau ko na koyarwa na Malam Aminu Kano, ana ba da maganin kwantar da jijiyoyi a riƙa rage shi cikin 'yan kwanaki, da bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa. Wanda aka tsinta a buge ba ya motsi kuwa, a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da ya sha da lokacin da ya sha.