Gigin tsufa: tambayoyin da kullum ake turo min

Na gaji da maimaita amsa ɗaya, to ga su nan wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Ba tsufa ba ne kawai?

A'a. Tsoho ya manta inda ya aje tabarau ba komai ba ne. Amma ya ɓata a hanyar gidansa, ko ya yi ta tambayarka abu ɗaya ka amsa ya sake, ko lissafin kuɗin da ya saba ya gagare shi, to cuta ce a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne.

Tana warkewa?

Ba ta warkewa. Magunguna irin su donepezil da memantine ɗan sassauta alamu suke yi na wani lokaci.

Jiya lafiya lau, yau Mama ta rikice, cutar ce?

Ba haka take zuwa ba, ita sannu sannu take shiga, watanni da shekaru. Ruɗewar dare ɗaya sau da yawa ciwon fitsari ne, ko suga ya sauka, ko wani sabon magani. Ku kai ta asibiti yau ɗin nan, ku daina cewa ai tsufa ne!

Baba ya daina cin abinci, likita ya kawo maganar robar ba da abinci ta hanci, mu yarda?

Wannan kam ba zan ce eh ko a'a kai tsaye ba, ya danganta. A fara duba dalili tukuna, wataƙila haƙori ne ke ciwo, ko gyambo a baki, ko ciki ya ɗaure, ko magani ne ke sa shi barci. In wata rashin lafiya ce ta wucin gadi kuma gigin bai yi nisa ba, robar tana iya taimakawa ya farfaɗo. Amma in cutar ta kai ƙarshe, ba ya gane kowa ba ya iya haɗiya, bincike bai nuna cewa roba na ƙara kwana ko tana hana abinci sarƙewa zuwa huhu ba, sau da yawa ma fizge ta suke yi har a koma ɗaure musu hannu, abin tausayi. Shi ya sa likitocin tsofaffi da dama suka fi son a ba shi da cokali, a zaunar da shi, kaɗan kaɗan, abu mai laushi, in ya kau da kai a ƙyale shi. Kuma ku tambaye shi! Mai gigi yana iya kasa riƙe kuɗi amma ya san abin da ba ya so a jikinsa. In ba ya iya magana, ku tuna me yake faɗa lokacin da yake da lafiya, ku zauna da likita ku yanke tare. Duk wanda ya zaɓi cokali ba yunwa ya bar mahaifinsa da ita ba, ku kwantar da hankalinku.

Yana yawan fita, mu ɗaure shi?

Haba. Ɗauri ƙara firgita shi yake. Ku gyara makullin ƙofa, ku sa masa takarda mai lambar waya a aljihu, wani ya riƙa raka shi yana ɗan zagayawa.