Yi wa Linux ado: tambayoyin da masu kwamfuta ke dawo mini da su

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin laftof suke ta shigowa shagona a nan Sakkwato. Yawancinsu 'yan gwanjo ne da Windows 11 ta ƙi karɓa, ni kuma nakan sa musu Linux. Ba a cika mako biyu ba mai abu zai dawo, ba don ta lalace ba, sai don ya ga hoton ta wani a intanet ta sha ado, tasa kuwa tana nan kamar ɗakin gwauro. Ga tambayoyin da na fi sha, da amsar da nake bayarwa in ciniki ya lafa.

Ashe fuskar da nake gani ba ita ce Linux ɗin ba?

Ba ita ba ce. Abin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, yana ɗalibi a Helsinki, injin ne kawai, wanda ke magana da batir da allo da ma'ajiyar fayil. Ba ka ganinsa. Abin da idonka ke sauka a kai, wato sandar da ke ƙasan allo da agogo da tagogi da jerin manhajoji, wasu mutane ne daban suka gina shi, kuma ba iri ɗaya ba ne. Matthias Ettrich ya fara KDE a Jamus a 1996. A shekarar ne kuma Olivier Fourdan, Bafaranshe, ya fara Xfce. Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan Meziko, suka fara GNOME a 1997. Cinnamon ta zo daga baya, daga hannun masu Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux da ake rarrabawa, bayan GNOME 3 ta fito a 2011 ta sauya kama har mutane da yawa suka yi fushi.

A Windows an yi wa inji da bodi walda wuri guda. A nan kuwa kana iya sauke bodin ka ɗora wani, injin bai ko sani ba. Shi ya sa a cikin nau'o'in Linux, Ubuntu ke zuwa da GNOME, Kubuntu da Plasma ta KDE, Xubuntu da Xfce, alhali cikinsu ɗaya ne.

To wacce ta fi dacewa da mai son ado?

Plasma, ba ko tantama. Kusan duk abin da ka gani a allonta ana iya matsar da shi, a rage shi, a sauya masa launi, kuma ba sai ka sauke komai ba. Aibinta shi ne yawan zaɓin. Sabon shiga kan ɓata a ciki kamar baƙo a Tsohuwar Kasuwa.

GNOME ita ce mai taurin kai. Masu ita sun yanke yadda suke ganin ya kamata a yi aiki, suka bar maka ƙofofi kaɗan. Tana da tsabta, ina kuma ganin girmanta, amma wanda ke son taɓa komai zai yi ta kokawa da ita. Cinnamon nake sa wa wanda ya baro Windows jiya, don maɓallin farawa yana nan a kusurwar hagu inda hannunsa ya saba. Mai RAM ɗin da bai wuce giga 4 ba kuwa, Xfce nake ba shi, ko da ya ɓata rai. A zaɓi fuska tukuna, sannan a yi zancen riga, wato ƙunshin launi da zane da ake ɗora wa fuskar. Akasarin wahalar da nake gani ta masu son mayar da GNOME Plasma ce da ƙarfin tsiya.

Ta ina zan fara?

Da abin da ke cikin gida. Hoton bango, yanayin haske ko na duhu, launin da ke haskaka abin da ka zaɓa, wurin zaman sanda, da girman rubutu. GNOME ta samu yanayin duhu na gaba ɗaya a fitowa ta 42 a 2022, ta ƙara zaɓin launi a ta 47 a 2024. Sauran sun daɗe da nasu.

Girman rubutun nan shi ne wanda aka fi rainawa. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga wajen Mabera, ya zo mini da laftof a cikin jakar fata, ya ce zai sayar ya sayi mai babban allo.

"Ɗana, wagga aba ta gaji, ko ni na gaji. Ban ganin komi cikinta sai na sa hanci."

Na ce, "Baba, a ɗan ba ni ita tukuna."

Mint ce a kai. Na shiga wurin zaɓen haruffa, na ɗaga ma'aunin rubutu daga 1.0 zuwa 1.3, na ƙara wa kibiyar linzami girma, na kunna hasken dare mai sa allo ya yi ja-ja bayan magariba. Ya ja kujera baya, ya cire tabarau, ya karanta layi biyu a bayyane, sannan ya tambaye ni nawa ne. Na ce addu'a ta isa. Ya yi ta kuwa, doguwa, har yaron shagona ya gaji da amin.

Me ya sa ƙ da ɗ da ɓ ke fitowa a karkace, ko su zama akwati?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don a wurina adon farko na kwamfutar Bahaushe shi ne ta iya rubuta harshensa. Kowane salon harafi yana da adadin baƙaƙen da mai zana shi ya zana. Da yawa daga masu ƙyalƙyalin da ake saukewa an yi su ne don Turanci, ba su san da ƙugiya ba. In manhaja ta nemi ƙ ba ta samu ba, sai ta aro daga wani salon. Shi ne za ka ga kalma tana tafiya lafiya, harafi ɗaya ya fito siriri ko ya fi 'yan'uwansa tsawo, kamar an ɗinka wa shadda facin atamfa. In babu inda za a aro, akwati ne zai fito.

Kafin ka amince da kowane salo, rubuta wannan da shi: ɓarawo ya ɗauki ƙwarya. Sannan ka gwada manyan, Ƙ da Ɗ da Ɓ, don akwai salon da ke da ƙananan ya rasa manyan. Noto Sans da DejaVu Sans suna da su duka, haka Andika da Charis na cibiyar SIL. Masu ajami kuma, mu da muke garin Shehu bai kamata a bar mu a baya ba: SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa hannun rubutun ƙasar Kano, da Harmattan da aka yi don harsunan Afirka ta Yamma. Sa su ba wuya. Ka zuba fayilolin a .local/share/fonts cikin foldar gidanka, ka rufe manhajar ka sake buɗewa.

Wajen bugawa, a cikin jerin madannai akwai wanda aka rubuta wa Hausa ta Nijeriya; ka ƙara shi kusa da na Turanci, a GNOME kana sauyawa tsakaninsu da maɓallin tambarin Windows haɗe da na tazara. In kana sauri, a yawancin manhajoji Ctrl da Shift da U, sai 199, sai Enter, zai ba ka ƙ. Lambar ɗ 257, ta ɓ 253. Kada wani ya ce maka ƙugiya ƙawa ce kawai. A garin da ke da Sarkin Musulmi, akwai nisa tsakanin "za ni fada" da "za ni faɗa".

Na sauke riga daga intanet. Ina zan sa ta?

A Plasma da Cinnamon akwai maɓallin sauke sababbi a cikin saitin kansa. A GNOME da Xfce da hannu ake yi. Buɗe foldar gidanka, danna Ctrl da H don ɓoyayyun foldoji su bayyana, wato masu ɗigo a farkon suna. Rigar tagogi tana shiga .themes, 'yan tamburan manhajoji kuma .icons, in babu foldar ka ƙirƙira. Kuskuren kowa shi ne ya jefa ƙunshin yadda ya sauko ba tare da ya kwance shi ba, ko ya bar folda cikin folda. Daga nan sai ka zaɓa: a Xfce ta Appearance, a GNOME ta wata ƙaramar manhaja mai suna Tweaks da ake sawa daban.

Na ce tambura da gangan. Na sha ganin an fassara su da "gumaka", ni dai ba zan iya cewa Alhaji ya zo in sauya masa gumaka ba. Cikinsu Papirus na fi yarda da shi, don ya game manhajoji da yawa kuma yana cikin rumbun Ubuntu da Mint, ba sai an je yawo ba.

Na sa rigar, wasu manhajoji sun karɓa, wasu sun ƙi. Na yi kuskure ne?

Wataƙila ba ka yi ba. Manhajojin Linux da kayan gini iri biyu aka fi yin su: GTK, wanda GNOME da Xfce da Cinnamon ke amfani da shi, da Qt na su Plasma. Rigar da aka ɗinka wa ɗaya ba ta shiga ɗayan. Wannan ke nan.

Na biyu, akwai rigima. A 2019 wasu masu rubuta manhajojin GNOME suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon kamfanonin da ke rarraba Linux su daina sauya wa manhajojinsu kama. Hujjarsu ita ce, riga kan sa farin rubutu ya hau farin bango, maɓalli ya ɓace, mai amfani kuma ya kawo ƙara wurinsu alhali ba su suka ɓata ba. Daga GNOME 42 manhajojinsu suka koma kan wani tubali mai suna libadwaita, wanda ba ya sauraron rigar da ka zaɓa sai haske ko duhu da launi. Ina gane ciwonsu, don ni ma ana kawo mini gyaran abin da wani ya ɓata. Amma hakan ya rage wa mai kwamfuta iko, kuma ikon nan ne ya kawo da yawanmu.

Na uku, manhajojin da suka zo ta Flatpak ko Snap, wato wasu hanyoyin sauke manhaja, a killace suke, ba sa leƙa foldar .themes ɗinka sai an ba su izini.

Akwai haɗari a ciki?

Akwai. Hoton bango da tambura hotuna ne kawai. Amma cikakkiyar rigar Plasma, da 'yan na'urorin da ake liƙawa a allo, da ƙare-ƙaren GNOME, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara mata aiki, duk suna ɗauke da umarnin da ke gudana da ikonka. A watan Maris na 2024, makonni kaɗan bayan fitowar Plasma 6, wani ya sa irin wannan rigar daga shagon KDE, wani layi a cikinta ya share masa fayilolinsa. Ba mugunta ba ce, kuskuren mai rubutun ne, an kuma cire ta aka gargaɗi jama'a, amma abin da ya tafi ya tafi. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke da kundin kammala karatu a kwamfuta ɗaya tak, ba shi da kwafi a filashi, ba shi da hurumin gwada rigar da bai san mai ita ba. Duk kuma adon da ya ce sai ka liƙa wani dogon umarni mai farawa da sudo, kalmar da ke ba umarni iko a kan kwamfutar gaba ɗaya, ka karanta shi, in ba ka gane ba ka bar shi.

Ƙare-ƙaren GNOME suna da wata matsalar ta daban. Sau biyu a shekara take fitowa, Maris da Satumba, kuma kowace fitowa na iya karya wasu. Ta 45 a 2023 ta sauya tsarin rubuta su, sai da aka gyara kowanne. Biyu ko uku da kake buƙata da gaske sun isa.

Ado na cin batir?

Launi da tambura ba sa cin komai. Masu ci su ne hoton bango mai motsi, da dusashewar bayan taga, da tagogi masu rawa in an ja su. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fankar laftof tana kuka ƙura ta toshe ta, ga wuta an ɗauke tun safe, wannan rawar ba ta da daɗin kallo. Yanayin duhu kuma ba ya tsimin batir sai a allon OLED. Tsofaffin laftof ɗinmu fitila ce a bayan allon, tana ci ko baƙi ko fari. Rage hasken shi ne tsimi.

Za a iya mayar da ita sak Windows ko Mac?

A ido, ƙwarai. Zorin OS, wani nau'in Linux, ma da wannan ta yi suna. Amma kama da wane ba ta wane. Manhajar Windows ba za ta hau don an sauya fenti ba.

In na dagula komai fa?

Kusan duk saitinka yana cikin foldar .config. Kafin ka fara wasa, kwafe ta gefe ka sa mata kwanan wata. Kada ka dogara da Timeshift, manhajar ajiye kwafin tsarin kwamfuta, a nan, don a yadda yake zuwa tsarin yake adanawa, ba kayan foldar gidanka ba. Hanyar da na fi so ma ta fi wannan sauƙi: buɗe sabon asusu a kwamfutar, ka sa masa suna gwaji, ka yi duk ɓarnarka a can, abin da ya yi kyau ka kawo gida.

In aikin gama ya gama, a Cinnamon danna dama a kan sanda, cikin Troubleshoot akwai mayar da komai yadda ya zo. A GNOME umarnin dconf reset -f /org/gnome/ yana yin haka, sai dai zai tafi da saitinka masu kyau ma. In allon ya yi baƙi ƙirin bayan ka shiga, kada ka yi saurin cewa a goge a sake. Danna Ctrl da Alt da F3, allon rubutu zalla zai fito ya nemi sunanka da kalmar sirri. Daga nan ka sauya wa foldar .themes suna, ko ka mayar da kwafin .config ɗin da ka ajiye, sannan ka rubuta reboot.