Don Allah iyaye mata a bar ɗura haka nan

Wallahi na gaji da maimaita maganar nan amma ba zan daina ba. Tunda damina ta faɗi kusan kullum sai an kawo mana yaro asibiti yana numfashi sama-sama, awazunsa na lotsawa ciki, jiki zafi rau, in na tambayi uwar ya yake cin abinci sai ta ce "Malama ai ba shi ci, sai an yi mai ɗura." Kuma hankalinta kwance take faɗa kamar ta ce ta yi masa wanka.

Kun san yadda ake yi ai. A kwantar da yaro a cinya kansa ya yi ƙasa, a matse ƙafafunsa, a tara tafin hannu a bakinsa a cika da koko, a toshe hanci da yatsa, yaro na shure-shure yana neman iska dole ya haɗiya. Ni ma da ita aka raine ni, iyayenmu ba da mugunta suka yi ba, so suke mu ƙoshi. Amma hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabtan juna ne a maƙogwaro, yaron da ke tsala kuka hanyar numfashinsa a buɗe take, kokon nan sai ya zarce huhu. Daga nan tari, zazzaɓi, limoniya. Wani ma ba ya kai wa asibiti, a cinyar uwarsa yake shiɗewa. Haba iyayena, kokon ludayi guda ne za a sayar da rai a kansa?

Abin da ya fi ci mini rai kuma, yaron da aka saba yi wa ɗura da ya hango kofi yake fara ihu. Abinci ya zama abokin gaba, hannun uwarsa ya zama abin tsoro. Sai a dawo a ce ba ya ci. Ya za a yi ya ci?

A wajen aikinmu in tef ɗin da muke auna damtsen yaro ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, kafin mu ba uwa gyaɗar tamowa, wato abincin leda na yara masu tamowa, ta tafi gida sai mun gwada ko yaron zai ci da kansa, ba dole ba matsi. Kwanaki wata yarinya ta zo daga wani ƙauye a yankin Talata Mafara da ɗanta na fari, wata goma sha ɗaya, uwar miji na biye da ita. Na ba ta leda ɗaya na ce ta wanke hannu ta zauna can inuwar dalbejiya. Sai ta riƙe yaron kamar ɗan maƙwabta, ido a ƙasa, tana tura masa ledar a baki yana kawar da kai. Kunyar ɗan fari. Tsohuwar har ta fara naɗe hannun riga tana cewa "ba ni shi nan in gwada miki." Na ce "Inna don girman Allah ki zauna ki huta, yau aikin uwarsa ne." Na ce da yarinyar ƙanwata kira sunansa mana, ta rufe baki da mayafi tana dariya, ashe sunan surukinta ne. Na ce to ki ce Babana. Ta faɗa can ƙasa-ƙasa. Ta lakato kaɗan a yatsa ta kai bakinta kamar za ta ci, ta ce "ammm", yaro ya tsaya yana kallonta. Ta sake. A na uku da kansa ya cafko yatsan ya kai baki, ya tsotse, sannan ya shafa mata sauran a hanci. Ta tuntsire da dariya, shi ma ya washe haƙoransa guda huɗu. Tsohuwa ta ce "ikon Allah." Ni kam sai da na juya na share ido da bakin hijabi.

Murmushin nan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu tamowa ya san ranar da yaro ya fara murmushi yana neman abinci ranar muke cewa ya juyo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da lallashi cikin matakai 10 na jinyar tamowa mai tsanani, tare da madara da magani.

Na san halin da ake ciki, ba daga sama na faɗo ba. Ga surfe ga ɗiban ruwa ga gona, wasu an baro gida saboda 'yan bindiga ana raɓe a Gusau ko Anka ɗaki ɗaya mutum takwas. Ɗura minti biyar an gama, lallashi kuwa sai ya ci rabin awa. Amma wadda ba ta da rabin awa yau ita ce za ta yi sati a gadon asibiti ta bar sauran yaran a gida. A bar ɗura.

Ku kuma maza ban manta da ku ba. Mutum ya dawo ya ci tuwonsa shi kaɗai, ya ɗau waya ya nufi majalisa ko teburin mai shayi sai dare ya raba, wai ɗaukar yaro aikin mata ne. Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, mutumin ya ce 'ya'yana goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. To malam ɗora shi a cinya, ka bari ya sa hannu a kwanonka ya ɓata maka riga, ka yi masa cakulkuli, ka amsa masa gwarancinsa. Yaron da ya ƙi ci a hannun uwa sau da yawa a kwanon babansa yake ci.

A gurguje, don layi na jirana:
nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.
Daga wata 6 kunu mai kauri, a sa gyaɗa ko waken suya, ɗan manja, zogale, ƙwai in ya samu.
Wata 6 zuwa 8 sau 2 ko 3 a rana, daga wata 9 sau 3 ko 4, kaɗan-kaɗan, cikinsa ƙarami ne.
A zaune, yana kallonki kina kallonsa, da cokali ko hannu wankakke, kwanonsa daban.
In ya kawar da kai a dakata, a yi wasa, a sake gwadawa an jima.
In ya ƙi ci gaba ɗaya ko ya ƙi nono, ciwo ne, a kawo shi ranar, ba a jira gobe.

Kakanni kuma da masu reno, ku ma da ku nake, don sau tari uwa na gona ake yin ɗurar a bayan idonta. Wadda ta karanta wannan ta karanta wa Inna da babbar murya.