"Ruwan gwiwa ya ƙare": wane ruwa ne, kuma yana ƙarewa?

Ranar kasuwa a ƙauyukan Kano da Jigawa ba a rasa mota mai lasifika tana shelar maganin da zai "dawo da ruwan gwiwa". Rediyo ma ya ɗauka, a shirye-shiryen da masu magani ke sayen fili. Yanzu dattijuwa ta kasa miƙewa daga tabarma, sai 'ya'ya su ce ai Inna ruwan gwiwarta ne ya ƙone. Masu tallan kan kwatanta shi da baƙin man inji: ya ƙone, a juye sabo. A nan ɓatan yake.

Ruwan dai akwai shi. Inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa a gabansu, akwai wata jaka da ta lulluɓe gaɓar, kuma tantanin da ke cikin jakar shi ke tsatso ruwan daga jini. Ruwa ne mai yauƙi, garau, da ɗan ɗorawa-ɗorawa. Sunan da likitoci ke kiransa da shi, sinobiya, ana danganta shi da kalmar Latin mai nufin ƙwai, don kamarsa da farin ƙwai. A lafiyayyar gwiwar babban mutum bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Kuma ba a zuba shi sau ɗaya tun haihuwa ba, balle a ce ana cinye shi da shekaru. Tantanin yana yin sabo yana shanye tsoho muddin mutum na da rai.

Abin da ke ƙarewa guringuntsi ne. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana raba ƙafar saniya ya ga farin abin nan mai sulɓi da ke kan bakin ƙashi. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne. Ba jijiyar jini a cikinsa, ba jijiyar da ke kai saƙon zafi, shi ya sa ƙasusuwan ke zamewa a kan juna ba a ji. Ban da shi akwai wasu guringuntsaye biyu masu siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙasusuwan suna raba nauyi, da jijiyoyi huɗu masu ƙarfi da suka ɗaure gaɓar, biyu a gefe, biyu sun gitta juna a ciki.

To daga ina maganar ruwa ta samo asali? A ganina daga hoton ƙashi ne. Guringuntsi ba ya fitowa a hoton, ƙashi kaɗai ke fitowa. Saboda haka a hoton lafiyayyar gwiwa za ka ga kamar akwai fili tsakanin ƙashin sama da na ƙasa. Wannan filin ba ruwa ne ya cika shi ba, guringuntsin ne da hoton bai kama ba. In ya siɗe, filin ya tsuke, sau da yawa ta ɓangaren ciki, wanda kan sa ƙafar dattijo ta fara lanƙwashewa kamar baka. Likita na da layin mutane a waje, ya ɗaga hoto ya ce "ka ga wurin nan ya matse", ɗan rakiya ya koma gida ya ce an ce ruwa ya ƙare. Wasu ma'aikatan lafiyan ma da bakinsu suke faɗar haka don a gama da wuri, kuma wannan gajarcewar ce ta buɗe wa masu lasifika kasuwa. Abin takaicin, a amosanin gaɓa irin na tsufa ruwan sau da yawa ƙaruwa yake yi. Tantanin ya fusata, ya yi ta tsatsowa, gwiwa ta kumbura, har a sa sirinji a zuƙe. Ruwan kan tsinke, yauƙinsa ya ragu, wannan gaskiya ne. Amma a ce wa mai kumburarriyar gwiwa ruwanta ya ƙafe, an juya masa magana.

Kuskuren ba a baki yake tsayawa ba. Wanda ya yarda ruwa ne ya ƙare sai ya daina motsa ƙafar don kada ya ƙarasa sauran. Alhali guringuntsi, tunda ba jini a cikinsa, daga ruwan nan yake samun abinci, kuma sai an taka an ɗaga ruwan ke shiga yana fita. Zama wuri ɗaya na sa naman cinya ya saki, gaɓa ta sandare, ciwo ya ƙaru. Miyar kuɓewa da ganda abinci ne masu kyau, amma yauƙinsu a ciki ake narkar da shi, ba ya gangarawa gwiwa. Har yanzu babu ƙwaya ko jiƙo da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya siɗe. In jiƙo ya ɗauke ciwo cikin kwana ɗaya, a yi hattara, don akan cakuɗa irinsa da magungunan bature, deksametazon ko diklofenak. Na farko in an daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Na biyu yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.

Abin da ke taimakawa ba shi da armashin talla. A tafiya kawai gwiwa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, tsugunno da kaya a ka ya fi haka, don haka rage ƙiba na rage mata aiki sosai. A zauna a miƙe ƙafa, a ɗaure naman cinya, a ɗaga ƙafar kamar taki ɗaya daga ƙasa, a ƙirga goma, a sauke. Sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. A riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba. A ɗaga wurin zaman masai, a sa wa fartanya doguwar ƙota. Wanda lanƙwasa gwiwa ya gagara, addini ya ba shi damar yin salla a zaune. In abin ya kai ƙashi na gugar ƙashi, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ana aikin sauya gwiwa.

Akwai kumburin da ba ya jiran ranar kasuwa. Gwiwa ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi rau in an taɓa, ga zazzaɓi, mutum ya kasa takawa, musamman yaro ko mai sikila. Wannan na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jakar, kuma mugunya na cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, kada maɗori ya ja. A kai shi babban asibiti a ranar, a zuƙi ruwan a gwada, a wanke gaɓar in ya kama, a fara allura.