Shigar da jama'a cikin gwajin magani

Shigar da jama'a cikin gwajin magani shi ne aikin nemo mutanen da za a gwada sabon magani, allurar rigakafi ko wata dabarar jinya a kansu, a yi musu bayani, su amince don raɗin kansu, kuma su ci gaba da zuwa har a rufe binciken. Tsarin da ke sa majinyaci a gaba yana neman a ji ta bakin mutanen tun ana shirya aikin: wace rana za a zo, da wane harshe za a yi magana, sau nawa za a ɗebi jini. A wannan mataki gwaji da yawa kan cije. Wani nazari a Birtaniya kan gwaje-gwaje 114 da aka fara tsakanin 1994 da 2002 ya gano cewa waɗanda suka cika adadin mutanen da suke nema ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Tarihi

Ƙa'idar neman yarda ta samo asali ne daga ɓarna. Bayan shari'ar likitocin Nazi, an rubuta Ƙa'idojin Nuremberg a 1947, kuma sharaɗinsu na farko shi ne amincewar mutum ba tare da tilas ba. Sanarwar Helsinki, wadda ta shimfiɗa wa likitoci ƙa'idojin bincike a kan mutane, ta biyo baya a 1964. Duk da haka, a Tuskegee ta Amurka an bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani daga 1932 har 1972, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. A 2004 da 2005 an dakatar da gwajin maganin kariya daga ƙanjamau a Kambodiya da Kamaru saboda ƙorafin cewa ba a shawarci jama'a ba, abin da ya sa UNAIDS, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da jagorar tafiya tare da al'umma a 2007.

Kano, 1996

A ƙasar Hausa, labarin da ya fi tasiri shi ne na Kano. Ana tsakiyar annobar sanƙarau, wadda ta addabi Nijar ma a waɗannan shekaru, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200. Rabinsu sun sha sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75.

Tsakanin Zinder (Damagaram) ta Nijar da Kano tafiyar kimanin kilomita 240 ce, ga fatauci, ga auratayya, ga rediyo da ake saurare tare. Abin da ya faru can ba ya kwana bai iso Damagaram ba. Masu nazari da dama suna danganta ƙin allurar shan inna da aka yi a Kano a 2003 da wannan tabo, kuma cutar ta tsallako iyaka a lokacin.

A jihar Damagaram

Wajen 2010 aka fara gwajin yaƙi da amodari a garuruwa 48 na yankin Matamai, inda aka kwatanta hanyoyin raba maganin azitromaisin. Ƙuri'ar da ke zaɓen hanyar da za a bi ta faɗa kan gari ne dungum, don haka sai da aka zauna da kowane gari kafin a bi gida-gida.

Misalin da ya fi bayyana tsarin shi ne na Mirriya. Tsakanin 2013 da 2014 ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN sun koya wa dubban iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launi uku, kore da rawaya da ja, don gano tamowa. Uwa ta zama mai awo da kanta, tana zaune a tsakar gida. Sakamakon ya nuna iyaye ba su gaza ma'aikatan sa-kai ba, kuma dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A maƙwabciyar jiha, Maraɗi, cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin gudawa mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500 a Madarunfa, aka buga sakamakon a 2017.

Hanyar shiga gari

Takardar izini daga kwamitin ɗa'a na ƙasa da ke Yamai ita ce farko, amma ba ta buɗe ƙofar gida. Ana gaida sarki ko hakimi, sannan mai gari da liman, a yi shela, a taru a gindin bishiya. Ungozoma da masu faɗakarwa ƴan garin su ne kan shiga wurin matan da ke kulle. Izinin mai gari izinin shiga ne kawai. Yardar kowane mutum daban take, kuma uwa takan so a jira mai gida ya dawo daga gona ko ci-rani. Kyakkyawan tsari yakan ba ta wannan lokaci.

Takardar yarda yawanci da Faransanci take. Ana karanta ta da Hausa, ko da Barbarci ko Fillanci inda ya dace, a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, sannan mai amincewa ya dangwala yatsa. Abubuwa uku ne masu wuyar bayani: cewa ƙuri'a ce ke raba mutane, cewa wani zai iya samun ƙwayar da ba magani a cikinta, da cewa wanda ya janye ba za a hana shi jinya ba. Tambayar da ta fi yawa kuwa ta jini ce, "ina za ku kai shi?", kuma nuna wa uwa ƴar kwalbar a tafin hannu ya fi dogon jawabi kwantar da hankali. Ana kauce wa ranar kasuwa, lokacin shuka da girbi, da ɗibar jini da rana a watan azumi.

Saɓani

An yarda da biyan kuɗin mota da na ɓata lokaci. Wasu na ganin inda talauci ya yi yawa, jinyar kyauta kaɗai kan sa mutum ya kasa cewa a'a. Wasu na ganin rage biyan ƙwara ce. Akwai kuma ƙorafin masu binciken da kan tafi ba su dawo sun faɗa wa gari abin da aka gano ba. Gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki a 2024 ya nemi a tafi tare da al'umma kafin bincike, lokacinsa da bayansa.