Ka Haɗa Ɗan Gem Ɗinka, To Yaya Zai Kai Hannun Mutane?

A Bauchi ba a rasa gidan gem a unguwa, inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation har dare ya raba. Masu bugawa sun yi yawa, masu haɗawa ne 'yan ƙalilan, kuma yawancinsu aikinsu a cikin kwamfutarsu yake mutuwa, babu wanda ya taɓa gani. Ga tambayoyin da mai sha'awar wannan harka ya fi yi, tun daga ɗalibin jami'ar ATBU a Yelwa ko Gubi har zuwa yaron da waya ce kawai jarinsa.

Wai da gaske mutum ɗaya zai iya haɗa gem, ba sai kamfani ba?

Zai iya, in ya san iyakarsa. Gem ɗin ƙwallon da ake bugawa a shago aikin ɗaruruwan ma'aikata ne, kada ma ka sa shi a lissafi. Amma Flappy Bird, wanda ya karaɗe duniya, wani ɗan ƙasar Biyetnam ne mai suna Dong Nguyen ya sake shi a 2013, kuma ba komai a cikinsa sai tsuntsu da ake dannawa ya ratsa tsakanin bututu. Celeste kuwa, kafin ya zama gem ɗin sayarwa a 2018, ɗan ƙaramin wasa ne da mutum biyu, Maddy Thorson da Noel Berry, suka haɗa cikin kwana huɗu a 2015. Sun sake shi kyauta, mutane suka so shi, sannan suka faɗaɗa.

Da me zan haɗa, tunda ba ni da babbar kwamfuta?

Wanda bai taɓa rubuta manhaja ba, sai ya fara da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 saboda yara: umarni ne a cikin tubala, kana jawowa kana jerawa. Daga nan sai GDevelop, shi ma ba dole sai ka iya rubuta lambobin manhaja ba, kuma yana da na waya. Akwai Pocket Code ga wanda waya kaɗai gare shi.

Ni dai in an tambaye ni, manhajar haɗa gem mai suna Godot nake nunawa duk wanda ya ɗan yi nisa. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, ne suka buɗe shi ga kowa a 2014. Kyauta ne, ba ya cin data da yawa wajen saukewa, tsohuwar laftof tana ɗaukarsa in wasan bai da nauyi, kuma ko ka sayar da gem ɗinka babu mai bin ka ko sisi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Satumban 2023 kamfanin Unity, mai irin wannan manhaja ta haɗa gem, ya sanar zai riƙa cajin masu haɗa gem gwargwadon yawan saukewar da aka yi. Aka yi ta hayaniya, da yawa suka koma Godot, kamfanin ya soke tsarin a 2024. Abin da zan ƙara kawai shi ne ka riƙa adana aikinka a wuri biyu, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Na gama. A ina zan saka shi?

Hanya biyu ce, kuma gara ka bi duka.

Ta farko ita ce shafin intanet na itch.io, wanda Leaf Corcoran ya kafa a 2013 musamman don ƙananan masu haɗa gem. Ba a biyan komai kafin a ɗora wasa. Kai ne za ka ce kyauta ne, ko ka sa farashi, ko ka bar mai saukewa ya ba da abin da ya sawwaƙa. In ka fitar da gem ɗin a tsarin HTML5, wato wanda ake bugawa a cikin burauza, mutum yana danna adireshin zai fara bugawa, ba sai ya girka komai a wayarsa ba.

Ta biyu ita ce wadda muka saba da ita: fayil ɗin APK, wato wanda ake girka manhaja da shi a Android, a tura ta Xender ko WhatsApp, daga wannan waya zuwa waccan. A nan garin wannan hanyar ta fi sauri, saboda in ta Xender ce ba ta cin datar kowa. Masu shagon caji da turin fina-finai a wajajen Wunti ko Muda Lawal suna ganin wayoyi da yawa a wuni. In ka shawo kan ɗaya ya riƙa sa wa abokan cinikinsa da yardarsu, ka samu masu gwaji. Sai dai ka sani, Android zai yi wa mutum gargaɗi cewa manhajar ba daga Play Store take ba, wasu kuma a nan za su tsorata su fasa. Suna da gaskiya, domin ta irin wannan ƙofa ake cusa wa mutane manhajar satar bayanan banki. Don haka kada gem ɗinka ya nemi izinin ganin lambobin waya ko saƙonni ko hotuna. Wasan tsalle-tsalle ba shi da haɗi da su. Ka kuma rage masa nauyi, domin wayar yawancin mutanenmu cike take da bidiyon biki, abin da ya yi girma shi ake fara gogewa.

Me zai hana in kai shi Play Store kai tsaye?

Babu mai hana ka, amma ba nan ake farawa ba. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin buɗe asusu, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji 12 sun riƙe wasan kwana 14 kafin a ba shi damar saki. Apple dala 99 ne duk shekara. Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta, dala 100 ne kan kowane gem. Ka canza waɗannan zuwa naira ka gani ko gem ɗin farko ya cancanci hakan.

Wane irin wasa ya kamata in haɗa?

Nan ne nake da ja da yawancin masu farawa. Kowa so yake ya yi na harbe-harbe ko tseren mota, alhali akwai dubbai irinsu waɗanda suka fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Ga dara a ƙofar gida, dattawa na bugawa a ƙasa ƙarƙashin inuwa: ramuka talatin, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, duk wanda ya jera uku ya cinye ɗaya daga na abokin wasansa. Dokokinta kaɗan ne, zanenta ba wuya, kuma mutum biyu za su iya bugawa a waya ɗaya ba tare da intanet ba. In ka tsuguna wajen masu bugawa za ka ji yadda dokar ke ɗan sauyawa daga dandali zuwa dandali, sai ka zaɓi ɗaya ka rubuta ta a fili. Ga langa, ga carafke, ga dambe. Kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 da irin wannan ya yi suna, wasannin ɗan acaba da kashe sauro.

In kuma da Hausa za ka rubuta umarnin, ka gwada ƙ da ɗ da ɓ tun da wuri. Yawancin salon haruffan da ake yi wa gem ba su da su, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su.

In na raba aka ce bai yi ba fa?

Za a ce. Amma "bai yi ba" da "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" duk ɗaya ne, babu wanda za ka yi gyara da shi. Abin da ke amfani shi ne ka miƙa wa ƙanenka ko ƙanwarka wayar, ka ja bakinka ka yi shiru. Za ka ga yatsansa yana danna inda babu maɓalli. Za ka ga ya tsallake bayanin da ka ɓata dare kana rubutawa, ya faɗi a rami ɗaya sau da yawa, ya ɗago ya ce, "Yaya, ta ina ake wucewa?" Kada ka amsa, rubuta wurin. In mutum na biyu da na uku ma a nan suka maƙale, matsalar a wasan take.

Ga waɗanda ke nesa kuwa, ka yi musu tambaya takamaimai: wace waya ce, a ina ya tsaya, a wane mataki suka gaji suka ajiye. Kuma ka buga na wasu ka faɗa musu ra'ayinka, domin a wannan harka wanda ba ya zuwa bikin mutane ba a zuwa nasa.

Zan iya sa waƙar mawaƙin da nake so, ko hoton Mario?

A'a. A 2016 kamfanin Nintendo, mai Mario, ya sa an cire sama da wasanni 500 na masu sha'awa daga shafin Game Jolt saboda sun yi amfani da kayansa, duk da cewa ba sayarwa suke yi ba. Mu ma a Najeriya akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Shafin Kenney yana ba da zane-zane kyauta ba sharaɗi, shafukan OpenGameArt da Freesound ma suna da kaya, sai dai ka karanta sharaɗin kowanne, wasu suna so a ambaci mai shi. Mafi sauƙi ma, ka ɗauki sautin kalangu ko tafi da wayarka, da izinin mai kiɗan.

Mece ce gasar haɗa gem da ake yi cikin kwana biyu?

Ana ba da jigo, kowa ya haɗa wasa kafin lokaci ya cika. Ludum Dare tun 2002 ake yinsa, awa 48 ga mai aiki shi kaɗai, 72 ga ƙungiya. Global Game Jam ya fara a 2009, a watan Janairu ake yi. Amfaninsu shi ne suna tilasta maka ka gama. Abokai huɗu ma za su iya shirya nasu daga Juma'a zuwa Lahadi.

To kuɗi fa, ana samu?

Daga gem ɗin farko, kada ka sa rai. In ka saka talla ta AdMob, tsarin tallan Google a cikin manhaja, sai kuɗin sun kai dala 100 Google ke biya, kuma wasan da ake turawa ta Xender a buga ba data ba ya nuna talla balle ya tara wani abu. A itch.io kason da aka saba bar musu kashi 10 ne cikin ɗari, kana iya ragewa ko ƙarawa, amma sai ka tanadi hanyar karɓar dala kafin ka sa farashi. Abin da ya fi saurin zuwa shi ne aiki: mai makarantar firamare da ke son wasan koyar da lissafi, ko mai neman wanda zai haɗa masa manhaja, zai fi yarda da kai in ka buɗe waya ka nuna masa abu uku da ka gama suna aiki.